Kiwon ƙudajen da ke farautar ƙwarin gona: wanne ɗakinka zai iya ɗauka?

Wani ƙanena da ke shirin aikin digiri na biyu a fannin ƙwarin amfanin gona ya samu ɗan ɗaki a bayan sashensu. Kanta uku, taga ɗaya, sai na'urar sanyaya ɗaki mai aiki ranar da wuta ta ga dama. Ya zo mini da sunaye uku a takarda, ya ce, "Yaya, da wanne zan fara?" Sunayen su ne Aphidoletes aphidimyza, da ƙudan fure irin su Episyrphus balteatus, da Coenosia attenuata. Duka ukun ƙudaje ne na gaskiya, masu fiffike biyu, 'yan uwan ƙudan gida da sauro. An daɗe ana kiwonsu a ɗakunan gwaje-gwaje na Turai da Amurka ta Arewa, ana sakinsu a gidajen shuka na gilashi da na leda su cinye ƙwarin da ke ɓata tattasai, kokwamba, tumatir da furanni, don a rage feshi.

Na ce ya ajiye takardar tukuna, ya gaya mini abin da zai riƙa ba su su ci kullum, har ranar sallah da lokacin yajin aiki. Ya yi shiru. Mafarauci dai ba ya cin dusa. Wanda ya ce zai yi kiwonsa ya ɗaura wa kansa kiwon abin da yake ci, da kiwon abin da wancan ɗin ma yake ci, kuma yawancin kiwon da ke rushewa daga can ƙasa yake fara tsagewa. Ta wannan fuskar zan auna su ukun. Amma bari mu fara sanin fuskokinsu.

Aphidoletes, in ka gan shi, za ka rantse ɗan sauro ne: siriri, dogayen ƙafafu, tsawon milimita 2 zuwa 3. Ba ya cizo, shi kansa ma ba ya farauta. Da rana yana laɓe a inuwa, sai magariba ya fito. 'Ya'yansa ne ke aikin, kuma abincinsu darɓa ne kawai, ƙananan ƙwarin nan masu laushin jiki da ke cincirindo a bayan ganye da tohon wake da gyaɗa, waɗanda wasu ke kira ƙwarƙwatar ganye. Macen tana bin ƙanshin ruwan zaƙi mai danƙo da darɓa ke zubarwa har ta gano garken, ta zuba ƙwai a tsakiyarsu. Bayan kwana 2 zuwa 4 tsutsa mai launin ruwan lemo ta ƙyanƙyashe. Ɗauki madubin ƙara girma ka leƙa bayan ganyen. Za ka ga ta lallaɓa ta kama darɓa a gaɓar ƙafa, inda fata ta fi laushi, ta ɗura mata dafin da zai shanye mata jiki, sannan ta zauna ta tsotse ta a tsanake. Sauran garken ba su ma san ana yi ba, suna ta shan ruwan ganyensu. Abin da ke saura wani baƙin busasshen fanko ne, rataye da bakinsa a jikin ganye. Bayan kamar mako guda tsutsar ta faɗo ƙasa, ta shige ɗan zurfi kaɗan, ta saƙa wa kanta ƙwanso, ta kwanta kamar mako 2 kafin sabon ƙuda ya fito. Tun shekarun 1970 aka fara amfani da shi a gidajen shuka na Finlan da tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Yau kamfanoni irin su Koppert na Holan da Biobest na Beljiyam suna sayar da ƙwansonsa a kwalba.

Ƙudan fure kuwa kowa ya san shi ko da bai san sunansa ba: mai ratsin rawaya da baƙi kamar rina, wanda ke tsayawa cak a iska gaban fure kamar an rataye shi da zare. Ba shi da ƙari, kwaikwayon rina kawai yake don tsuntsu ya ƙyale shi. Tsutsarsa ba ta da kyan gani ko kaɗan. Kamar ɗan guntun majina take, ba ƙafa ba ido, tana lalube da kai dama da hagu, da ta taɓa darɓa sai ta soke ta, ta ɗaga ta sama, ta tsotse, ta yar da fatar. Manoma da yawa in suka gan ta a kan wake sai su ɗauka ita ce mai ɓarnar, su je su haɗo magani.

Na uku, Coenosia, shi ne kaɗai wanda babban da kansa ke farauta. Kamar ƙaramin ƙudan gida yake, mai ruwan toka, milimita 3 zuwa 4. Yana zaune a gefen ganye ko kan igiyar ɗaure tumatir yana jira. Abin da ke zaune ba ruwansa da shi. Sai ƙwaro ya tashi sama, sannan ya cafke shi a iska da ƙafafu, ya dawo mazauninsa ya huda shi ya sha. Farin ƙuda, ƙudan da tsutsarsa ke zane a cikin ganye, ƙananan baƙaƙen ƙudajen da ke tashi daga ƙasar tukwane, darɓa mai fiffike, duk yana kamawa, kuma yakan kashe fiye da abin da zai ci. Saurin idonsa ya sa masu binciken ƙwaƙwalwa a Jami'ar Kambirij suka riƙa kiwonsa don su gane yadda ƙaramin kai irin wannan ke lissafin inda zai tare abin da ke gudu. Tsutsarsa a cikin ƙasa mai danshi take, tana cin tsutsotsin waɗancan baƙaƙen ƙudajen. Daga Masar aka fara bayyana shi a ilmance a 1903, yana nan a Afirka da kudancin Turai da Asiya, kuma a 1999 aka tsince shi a wani gidan shuka a jihar New York ba tare da an gayyato shi ba.

To, ga inda zaɓi na farko ya yi sauƙi. In matsalarka garken darɓa ne da ya lulluɓe toho, cire Coenosia daga lissafi, domin darɓar da ke ɓarna yawanci ba ta da fiffike, ba ta tashi, shi kuwa ba ya ganin abin da ba ya tashi. In kuma matsalarka farin ƙuda ne ko ƙudajen ƙasar reno, sauran biyun ba abin da za su tsinana maka.

Sai batun abinci, wanda shi ne gundarin maganar.

Aphidoletes da ƙudan fure duk kiwo ne mai hawa uku: shuka a ƙasa, darɓa a kanta, ƙuda a sama. A Turai yawanci ana shuka alkama ko sha'ir a farantai don darɓar hatsi, ko waken nan mai faɗi da Masarawa da Sudanawa ke kira ful, ko tattasai. Ana shuka sabon rukuni kowane mako, domin darɓa ba ta son tsohon ganye, kuma da shukar ta gaji sai darɓar ta fara haifar masu fiffike su watse. Abin da ke taimakon mai kiwo shi ne darɓa ba ta jiran namiji: mace ce ke haifar 'ya'ya mata rayayyu, su ma cikin kamar mako guda su fara haihuwa. Abin da ke cutar da shi kuma shi ne kwana uku na sakaci sun isa su shafe rukuni guda, kuma giɓin ba zai nuna ba sai bayan mako biyu, lokacin da tsutsotsi ke buƙatar abinci ba shi.

Bambancin yawan cin su biyun yana da girma. Tsutsar Aphidoletes tana iya kammala girma da darɓa 7 kacal, ko da yake in ta samu a wadace takan kashe har 80, da yawa ma ba ta tsotse su duka. Tsutsar Episyrphus tana cin ɗaruruwa kafin ta shiga ƙwanso, kuma mafi yawan cin a kwanakin ƙarshe ne. Yi lissafin da na sa ƙanena ya yi a bayan takardarsa. A ce kana son tsutsa 500 a mako. In ka ware wa kowace tsutsar Aphidoletes darɓa 20, kana neman 10,000. In ka ware wa kowace tsutsar ƙudan fure 300, kana neman 150,000, mako bayan mako. Wannan ninki 15 ba a kejin ƙuda zai bayyana ba, a yawan tukwane da kantoci da fitilu da hannun mai shuka zai bayyana. Kuma ƙudan fure ba ya haƙuri da yunwa: ranar da darɓa ta ƙare manyan tsutsotsi za su juya kan ƙanana da ƙwai, ka wayi gari ka ga faranti mai 50 ya koma 12. Hausawa sun ce ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. A nan kwaɗayin nasa ne kake so a gona, shi ne kuma zai talauta ka a ɗaki.

Ƙudan fure yana da buƙata ta biyu da Aphidoletes ba shi da ita. Macen ba ta yin ƙwai sai ta ci garin fure, irin bununin da kake gani a kan gero, domin daga nan take samun abin gina ƙwai. Masu kiwo suna sayen garin furen da ƙudan zuma ya tara, su niƙa, su ajiye a faranti tare da sukari da auduga mai ruwa, ko su sa shuka mai fure a cikin kejin. Sai ta yi kamar mako guda tana ci kafin ta fara zuba ƙwai. Amma in ta fara, ɗaruruwa take zubawa, wani lokaci sama da 1,000, inda macen Aphidoletes ke tsayawa tsakanin 70 zuwa ɗari da wani abu a 'yan kwanakin rayuwarta. An yi ta ƙoƙarin raba ƙudan fure da darɓa mai rai. A Gembloux ta Beljiyam, a 2011, masu bincike sun nuna cewa wasu ƙwayoyin bakteriya da ke cikin danƙon darɓa ne ke fitar da ƙanshin da ke sa macen Episyrphus zuba ƙwai. Ilimi ne mai amfani, amma ɗan ɗakin da ke farawa yau da darɓa mai rai zai yi aiki.

Coenosia a nan ya sha bamban, kuma da farko sai ka ga kamar shi ne mai arha, tunda ba ya neman shuka ko darɓa. Hanyar da Stefan Kühne ya shimfiɗa a Jamus a shekarun 1990, wadda aka gyara daga baya a Jami'ar Cornell ta Amurka da Lisbon ta Fotugal, ita ce a jiƙa zaren kwakwa ko ƙasa mai taki, a cuɗa da ɓarzajjen hatsin ots, funfuna ta tsiro, baƙaƙen ƙudajen ƙasa na jinsin Bradysia su yi ƙwai a ciki, tsutsotsinsu su zama abincin tsutsar mafaraucin. Manyan kuma a ba su ƙudan ayaba, ɗan jan-idon nan da ke taruwa kan ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, wanda kiwonsa kwalba da ayaba da yis ne kawai. Sai dai ka ƙirga: ƙudan ƙasa kiwo ɗaya, ƙudan ayaba kiwo biyu, mafaraucin kiwo uku, kuma dole lokutansu su dace, domin jaririyar tsutsar tana buƙatar abinci mai rai daidai bakinta tun ranar da ta ƙyanƙyashe. In ruwa ya yi yawa cakuɗin ya yi tsami, in ya yi kaɗan ya bushe, kuma duk abin a cikin ƙasa yake faruwa, inda ba ka gani sai ka tona. Ga shi manyan suna cin junansu. Mace mai yunwa ba ta ƙyale namiji. Zagayensa kuma ya fi tsawo, kimanin mako 4 a zafin digiri 25, kusan mako 6 a digiri 20. Waɗannan dalilan ne suka sa har yau bai zama kayan kwalba na yau da kullum ba kamar sauran biyun.

Mutanen Maraɗi sun san darajar wannan lissafi ko da ba a kan ƙuda ba. Tun wajajen 2006 cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, da abokan aikinta a Mali da Burkina Faso suke sakin wani ɗan zanzaro, Habrobracon hebetor, a kan murzunar zangarniyar gero, cikin 'yan buhunan algarara da ake ratayewa a ƙauyuka. Abin da ya sa ya yiwu har ƙungiyoyin ƙauye suka iya kiwonsa shi ne tsutsar da ake ciyar da shi da ita a kan hatsi take rayuwa, a cikin bokiti, ba ta neman ganye ɗanye ko sanyi. Cikin ƙudajenmu uku babu mai wannan sauƙin.

Yanzu ɗakin kansa. Aphidoletes ba ya cin wuri. Keji mai tsawon rabin mita ya ishe shi. Tsarin mai sauƙin bi ne: a sa tukwane masu darɓa a kejin manya dare ɗaya ko biyu, a fitar, a bar tsutsotsi su ci mako guda, sannan a ɗora ganyen a kan faranti mai yashi mai danshi su faɗo su yi ƙwanso. Wasu ma faranti mai ruwa suke sawa a ƙasa, su tace tsutsotsin da suka faɗo. Amma yana da wasu halaye biyu da ke ba sabon shiga mamaki. Na ɗaya, a rataye yake barbara, jikin yanar gizo, don haka keji mai tsabta ƙal wanda ba abin rataya a ciki yakan ba da mata marasa ƙwai. Sai an sa yana ko siraran zare. Na biyu, kowace mace 'ya'ya jinsi ɗaya take haifa, ko duk maza ko duk mata. Ka fara da mata biyar, sa'a ta juya maka baya, ka tashi da keji cike da maza.

Ƙudan fure shi fili yake so da haske mai ƙarfi, domin a cikin shawagi namiji ke neman mace. A ƙaramin keji mai duhu za su ci su sha su mutu ba ƙwai. Keji mai kusan mita guda a kowane gefe, kusa da taga ko ƙarƙashin fitilu masu kyau, shi ne abin nema. A ɗaki mai kanta uku wannan kejin kaɗai ya cinye kusurwa.

Zafi da laima su ne suka fi raba gardama ga mai karatu a ƙasarmu. Ɗakunan kiwo na Turai suna zaune ne a digiri 20 zuwa 23, laima wajen kashi 70 cikin 100, fitila awa 16 a rana. Episyrphus ɗan ƙasar sanyi ne, da zafi ya haura digiri 25 tsutsotsinsa sun fara mutuwa da yawa. Wannan ne ya sa masu bincike a Jami'ar Alicante ta Sifen suka juya ga wani ɗan uwansa na yankin Bahar Rum, Sphaerophoria rueppellii, wanda ke girma daga digiri 20 har zuwa 30, tsutsarsa na cin darɓa kimanin 200, kuma yanzu ana sayar da shi don gidajen leda masu zafi. Shi ma sai laima ta wuce kashi 60. Aphidoletes ya fi su duka tsoron bushewa. Babban ba ya daɗewa a busasshiyar iska, ƙwanson kuma in yashinsa ya bushe shi ke nan. A hunturun Kano laimar rana takan sauka ƙasa da kashi 20. In ka ce za ka magance wannan da yayyafa ruwa ko'ina, sai wata funfuna mai kashe darɓa ta shiga rukunin abincinka. Mafita ita ce kejin mafarauci ya zama mai laima, na darɓa ya zama mai iska, kada a haɗa su a ɗaki ɗaya in da hali.

Akwai wani tarko na Aphidoletes da ba a cika faɗa wa mutanen kusa da tsakiyar duniya ba. A ƙasashen arewa, in rana ta gajarce kuma sanyi ya shigo, tsutsar da ta shiga ƙwanso ba ta fitowa, dogon barci take yi har bazarar can. A Kanada, a shekarun 1980, Linda Gilkeson ta nuna cewa ko ɗan haske mara ƙarfi da dare yana hana wannan barcin. Mu kuwa ranarmu tsakanin awa 11 da 13 take duk shekara, wato a idon ƙudan da kakanninsa suka fito daga Holan kullum kaka ce ta gabato. Zafi yana rage wannan hali, amma daren hunturu ba zafi. A ɗaki fitila ce maganin, fitila kuma wuta take so. Wannan barcin dai yana da amfaninsa: ana iya ajiye ƙwanson a sanyi tsawon watanni, abin da ba ka samu da ƙudan fure. Coenosia shi ne mai jimirin zafi a cikinsu. Gidajen leda na Almería a kudancin Sifen cike suke da shi ba wanda ya saka.

Ɓarayin kiwo ma kowa da nasa. Kiyashi da tururuwa suna kiwon darɓa don zaƙinta, suna kuma kashe duk tsutsar da ta zo ci, saboda haka ƙafafun kanta a cikin gwangwanin ruwa ko mai suke zama. Ƙananan zanzaro masu yin ƙwai a cikin darɓa in suka shiga, za ka fara ganin darɓa ta kumbura ta ƙandare ta koma ruwan ƙasa kamar ƙwayar gero. Ranar da ka ga haka, ƙona rukunin ka sake sabo. Aphidoletes yana da nasa zanzaron, Aphanogmus fulmeki, wanda ya taɓa addabar kiwon kasuwanci a yammacin Kanada. Ƙudan fure yana da Diplazon laetatorius, wanda ke kusan ko'ina a duniya kuma macensa ba ta buƙatar namiji, guda ɗaya ta isa ta kafa zuri'a a kejinka. Amma ɓarawon da ya fi yi mini ta'adi mutum ne mai kyakkyawar niyya. Wani mai shara ya ga ƙudaje a jikin raga ranar wata Juma'a, ya tausaya mana, ya ɗauko maganin sauro ya fesa. Litinin muka tarar da aikin wata uku a ƙasan keji. Haka nan iri: wake ko alkamar da aka wanke da maganin iri mai bin jikin shuka, irin su Apron Star, za ta tsiro lafiya, darɓar da ka ɗora a kai ta mutu, ka rasa dalili. Nemi irin da ba a taɓa shi da komai ba.

Bayan an yi kiwon, wanne ya fi aiki a inda aka sake shi? A rufaffen gidan shuka mai ƙasa ko tukwane, Aphidoletes ya fi iya gano ƙananan garke tun kafin mutum ya gan su, kuma yana kafa zuri'a in ya samu ƙasar da zai faɗa. In an shimfiɗe ƙasan da leda ko siminti, zagayen ya yanke, sai an riƙa sake saki. Ba ya jituwa da wasu abokan aikin ma: ƙaramin gizon nan Amblyseius swirskii da ake sakawa don farin ƙuda yana cinye masa ƙwai. Ƙudan fure ya fi ƙarfi a kan babban garke, kuma yana ƙara da aikin barbarar fure a tattasai da makamantansa. Illarsa fiffike. Wani bincike na 2019 ya nuna ƙudajen fure har biliyan 4 ke ratsa sararin Birtaniya a shekara. Dabbar da ke ƙetare teku tagar gidan leda ba za ta tsare ta ba, in ba ka ba ta fure da darɓa a ciki ba. Dabarar da ke taimaka wa duka biyun ita ce tukunyar ajiya: a sa tukwanen hatsi masu darɓar da ba ta cin tattasai ko kokwamba a cikin gidan tun da wuri, mafarautan su hayayyafa a kai kafin mai ɓarnar ta iso. Ba a fafe gora ranar tafiya. A fili kuwa, masu noman latas ba tare da magani ba a kwarin Salinas na Kalifoniya ba sa ma kiwon ƙudan. Layukan wata farar fure mai suna alyssum suke shukawa tsakanin kunyoyi, na daji su zo da kansu.

Kafin ka yi tunanin odar kwalba daga Holan, tuna akwai doka. A Nijeriya shigo da ƙwaro mai rai sai da izinin hukumar killace kayan gona, NAQS, a Nijar kuma hukumar kare tsirrai, ga yarjejeniyar Nagoya da ta fara aiki a 2014 kan ɗaukar halittu daga ƙasa zuwa ƙasa. Tsaurin yana da dalili. Ƙwaron nan mai jan baya da ɗigo-ɗigo na Asiya, Harmonia axyridis, don cin darɓa aka riƙa sayar da shi a Turai, ya tsere, ya isa Birtaniya a 2004, ya danne 'yan ƙasa. Kuma ko da izini, kwalbar da ta kwana biyu a ɗakin kaya na filin jirgi cikin watan Afrilu gawa za ta iso.

Ga yadda na raba wa ƙanena. Wanda ke da ɗaki mai sanyi tabbatacce, da wutar sola ko janareta da ba ta yankewa, da rufaffen gidan shuka da zai saki a ciki, Aphidoletes ne ya fi ba shi mafarauta masu yawa a kan darɓa kaɗan da wuri kaɗan, kuma hanyar kiwonsa ta fi kowacce zama a rubuce. Wanda damuwarsa ƙudajen da ke tashi a wurin reno ne, kada ya wahalar da kansa da keji: ya rataya katin rawaya mai danƙo mako biyu ya duba ko Coenosia yana nan, in yana nan ya ajiye masa akwatin zaren kwakwa da ots mai danshi a inuwa cikin gidan, ya rage feshi, ya bar shi ya yaɗu. Akwai wasu biyu da ban tsaya a kansu ba don ƙwarinsu daban ne: Feltiella acarisuga, ɗan uwan Aphidoletes mai cin ƙanƙanin jan gizon da ke tsotsar ganye, da Hydrotaea aenescens, baƙin ƙuda mai sheƙi wanda tsutsarsa ke cin tsutsar ƙudan gida a kashin kaji da na alade. Na biyun shi ne mafi sauƙin kiwo a dukkansu, tunda yana girma a cakuɗin dusa da garin nama ko ba abin farauta, amma asalinsa ɗan nahiyar Amurka ne, kuma ba ruwansa da ganye.

Shi kuwa mai kanta uku da wutar ganin dama, na ce ya bar sunayen Turai ya tafi gonar wake. Da ɗan gari akan ci gari. Akwai ƙudan fure na Afirka, Ischiodon aegyptius, wanda ke ko'ina daga Masar har kudancin nahiyar, tsutsarsa kore mai farin layi a baya, tana cin baƙar darɓar wake da ta auduga. Ya saba da zafinmu, ba ya neman izinin shigowa, abincinsa kuma a kan waken da ke tsiro cikin kwana 4 a kowace roba yake rayuwa. Cinsa da yawa, wannan gaskiya ne, don haka burin farko ya zama 50 a mako, ba 500 ba.

Mako 6 na farko na hana shi kawo ƙuda ko ɗaya ɗakin. Wake kawai zai riƙa shukawa kowace Litinin, ya ɗora darɓa, ya rubuta zafi da laima safe da yamma, har ya ga rukuni yana bin rukuni ba giɓi. A mako na 7 ya fita da sassafe da robar abinci mai murfin raga da burushin zane mai laushi, ya tsinto tsutsotsi daga gonar da ba a yi wa feshi ba. Kowace a kwalbarta ita kaɗai, da ganye mai darɓa, har ta yi ƙwanso mai siffar ɗigon ruwa. Wanda ya fitar da ƙuda mai ratsin rawaya ya shiga babban keji. Wanda ya yi duhu ya daɗe bai fashe ba, a bar shi a rufe a gefe, domin sau da yawa siririn zanzaro ne zai fito daga ciki.